Gyaran tsohon jirgin zamiya a Minnesota: aikin dattijo mai gareji, da daɗinsa da ɗacinsa

Duk mai gyaran da na tura wa hoton jirgin nan ta waya, kafin a jima ya aiko mini da farashi: za a goge shi, a shafe shi da mai, ya dawo yana ɗaukar ido, kuɗinka kaza. Mutum ɗaya ne ya ƙi. Wani dattijon Bature ne mai ƙaramin gareji a yammacin Minneapolis, can wajen tafkin Minnetonka, ya ce shi ba ya yanka wa tsohon jirgi kuɗi sai ya taka cikinsa da ƙafarsa. Shi na ba aikin. Sunansa da na garejin zan bar su a cikina, tunda maganar akwai yabo akwai ƙorafi. Amma irinsa, mutum ɗaya da yaron aiki ɗaya a rumfar kwano, ba su da wuyar samu a gefen manyan tafkunan jihar nan, kuma abin da na gani a wurinsa zai yi wa mai shirin kai nasa amfani ko a ina yake.

Jirgin Ski Nautique ne, samfurin da ake kira 2001, ƙirar 1985. Daga 1982 zuwa 1989 kamfanin Correct Craft na jihar Fulorida ya yi ta fitar da wannan samfuri. Tsawonsa ƙafa 18 da inci 9. Ba na kamun kifi ba ne, ba kuma na fito ba. Aikinsa guda ne: ya ja mutum da igiya, mutumin yana tsaye kan katako yana zamiya a bisa ruwa. Shi ya sa ba a rataya injinsa a baya ba. A tsakiyar jirgin aka dasa shi, injin Ford mai silinda 8, lita 5.8, sandar ƙarfe ta ratsa ƙasan jirgin ta fita zuwa farfela. Nauyin nan da ke tsakiya, da kuma shafaffen ƙasan jirgin ta baya, su ke sa ruwan da yake bari a bayansa ya kwanta, mai zamiya ya riƙa ƙetare shi hagu da dama ba tare da ruwan ya cilla shi sama ba. A gasar maza gudun mil 36 a awa ake yi, kusan kilomita 58 ke nan.

Mutanen Minnesota kuwa ba sa gajiya da faɗa maka cewa a wurinsu wasan ya fara. A 1922 wani matashi ɗan shekara 18, Ralph Samuelson, ya ɗaura katakai biyu a ƙafa ya tsaya a kan ruwan tafkin Pepin, a garin Lake City.  Jihar da ke da tafki sama da 11,000, ba abin mamaki ba ne ka leƙa bayan gidan mutum ka ga tsohon jirgi a kan tirela, ciyawa ta kai tayoyinsa. Nawa ma a irin wurin na same shi, a bayan rumbun wani manomi, tamfol ɗin da aka rufe shi da shi ya daɗe da yagewa. Yarana ne suka koyo zamiya a wurin iyayen abokansu suka hana ni sakat. Na san da gyara na saye shi, farashin ma ya faɗa mini haka.

Ranar da na ja shi zuwa garejin, dattijon ko kallon fentin bai yi ba, alhali jan ratsin da ke gefen ya koɗe ya koma ruwan hoda, in ka shafa hannu sai ya fito fari fat kamar ka taɓa alli. Hawa ya yi ya shiga ciki, ya riƙa takawa a hankali daga gaba zuwa baya. Kusa da kujerar direba daɓen ya ɗan lotsa ƙarƙashin kafet. Ya tsaya ya sake dannawa da diddige, bai ce komai ba. Sai ya ɗauko ƙaramar guduma mai kan roba ya buɗe murfin inji ya durƙusa.

"Samari, zo ka saurara," in ji shi.

Ya ƙwanƙwasa jikin jirgin ta gefe, ya ba da sauti garau, ƙwas-ƙwas. Ya koma kan doguwar faibar da inji ke zaune a kai ya ƙwanƙwasa, sai na ji dum-dum, kamar ana dukan buhun gari. Daga nan ya sa sifana a kan ɗaya daga manyan notunan da suka riƙe mazaunin injin. Noti ne mai kaurin yatsa, wanda ya kamata a ce sai an yi nishi kafin ya motsa. Da yatsa biyu ya juya shi. Ya ci gaba da juyawa, notin bai ɗaure ba, bai kuma fito ba. Na ƙarshe, ya nemi izinina ya huda ɗan rami da diril. Maimakon garin katako fari busasshe, wani baƙin abu ne ya biyo bakin diril ɗin, jiƙe sharkaf, sannan ruwa mai ruwan shayi ya fara tsattsafowa yana wari.

A nan ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da su masu farashin waya ba su yi ba. Jikin jirgin saƙaƙƙen zaren gilashi ne da aka jiƙa da wani ruwan gam da ake kira rezin, aka shimfiɗa hawa-hawa a cikin mazubi har ya yi kauri ya daskare, shi ake kira faiba. Wannan ba ya ruɓa. Amma shi kaɗai ba zai iya ɗaukar nauyin inji da dukan ruwa ba, sai an kwantar masa da dogayen katakai daga gaba zuwa baya, waɗanda masu sana'ar ke kira sitiringa, a lulluɓe su da faiba, a ɗora daɓen filawud a kai. Haka kusan kowane kamfani ke yi a wancan zamani. Shi kansa Correct Craft sai a 1993 ya daina sa katako a wurin. To jirgin da aka bari a fili shekara da shekaru, ruwan sama da dusar ƙanƙara na zuba a ciki, ba a cire toshiyar ramin zubar da ruwa ba, dole ruwa ya samu hanya ta ramukan noti ya shiga katakon. In ya shiga kuwa ba ya fita, domin faibar da ta kamata ta kare katakon ita ke hana shi bushewa. Hunturu ya zo ruwan ya daskare, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya tsaga lulluɓin, bazara ta dawo wani ruwan ya ƙara shiga. Tamkar ginin ƙasa ne da aka yi wa yaɓen siminti: daga waje sumul, a ciki gara ta gama aikinta.

Ya ce in gogewa kawai nake so, in kai wa wani, shi ba zai ƙawata jirgin da injinsa ke zaune kan ruɓaɓɓen itace ba, ga kuma yara za su shiga. Wannan maganar ce ta sa na ba shi aikin, kuma har yanzu ita ce babban abin da zan yaba masa a kai.

Lissafin a bayan kwalin sanfefa ya rubuta shi da fensir: tsakanin dala 7,000 da 9,000, aikin hannu a kan awa, kayan aiki daban, kashi ɗaya cikin uku kafin alƙalami. Kati ba ya karɓa, sai caki ko kuɗi hannu. Da na kai wa uwargida kwalin, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Malam, wannan kuɗin ai ya kai mu Kano mu duka, mu yi hutu mu dawo." Gaskiyarta ce, ban kuma yi mata musu ba.

A watan Oktoba ya fara. Abin da ya burge ni tun kafin ya yanka komai shi ne awo. Ya auna tsayin mazaunin inji ta kowace kusurwa, da nisan kowane noti daga bangon baya, da kwanar da sandar farfela ta bi, duk ya rubuta a jikin bangon garejin. Sannan ya sauke jirgin daga tirela ya ɗora shi kan wani gadon katako da ya haɗa daidai da ƙirar ƙasansa. Dalilinsa shi ne, da zarar an cire daɓe da katakan ciki, jikin faibar sakwarkwacewa yake yi. In ya lotsa ko ya murɗe aka kafa sababbin katakai a haka, to haka zai zauna har abada, jirgin ya riƙa ja gefe guda a ruwa. Saboda haka ma bai cire katakan gaba ɗaya ba, ɓangare ɗaya ya fara gamawa kafin ya taɓa ɗayan.

Da aka ɗaga inji da sarƙa, aka yanke daɓen, sai ga soson da ke ƙarƙashi. Dokar Amurka ta wajabta wa masu ƙera irin waɗannan jirage, in ba su kai ƙafa 20 ba, su sa abin da zai hana su nutsewa ƙurmus ko da sun cika da ruwa, shi ya sa ake zuba wannan soso. Sabonsa ba shi da nauyi, kusan fam 2 a kowace ƙafa ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, ruwa kuwa mai wannan girma ya haura fam 62, kun ga inda ɗagawar take fitowa. Nawa ya sha ruwa ya ƙoshi. Yaron aikin da shebur da ƙarfen ɓanɓara ya riƙa fitar da shi gunduwa-gunduwa yana cika buhuna, in ka ɗaga buhun ruwa na ɗiga ta ƙasa. Dattijon ya miƙo mini guntu ɗaya ya ce in matse. Na matse, ruwa ya bi gwiwar hannuna. Katakan kuwa, wasu wuraren da hannu aka kwashe su.

Sai gurza. Wannan ne mafi munin aikin, kuma in wani ya ce muku zai yi shi da kansa a garejin gida, ku tambaye shi ko ya taɓa kwana da ƙurar faiba a jiki. Yaron ya shiga farar riga ta rufe shi ruf, da takunkumi mai matatar iska, ya gurje cikin jirgin har sai da tsohuwar faiba mai tsabta ta fito. Ni da na tsaya daga bakin ƙofa na ɗan lokaci, sai da na kwana ina susa.

Mun ɗan yi ja-in-ja a kan abin da za a sa a madadin tsofaffin katakan. Na karanta labarin allon Coosa, wani soso mai tauri da aka haɗa da zaren gilashi, wanda ba ya ruɓa, na ce shi nake so. Bai hana ni ba, amma ya ce kuɗinsa ya ninka na katako, kuma ba ya riƙe noti mai zare yadda itace ke riƙewa, sai an sake dabarar ɗaure injin. Shi a ganinsa katakon fir busasshe, irin wanda aka sa tun farko, ya isa, muddin aka rufe shi yadda ruwa ba zai same shi ba. "Na farkon ya kusa shekara 40 a hannun wanda bai kula da shi ba," in ji shi. "Kai nawa kake nema?" Na bi shawararsa. Wani mai gyaran zai iya cewa akasin haka, kuma yana da hujja. Abin da na lura dai shi ne dattijon ya zaɓa mini mai araha, alhali da mai tsadar ya fi samun riba.

Da efoksi, wato wani irin rezin mai kamu sosai, samfurin West System, ya yi aikin ciki, na kamfanin Gougeon Brothers da ke Bay City a jihar Michigan. Rezin mai lamba 105 ake haɗawa da ruwan daskararwa, 205 mai sauri ko 206 mai jinkiri, kashi 5 da kashi 1. Kowace gwangwani da famfonta, danna ɗaya nan danna ɗaya can, awon ya fita daidai. Ya fi rezin foliyesta tsada nesa ba kusa ba, amma ya fi shi kama tsohuwar faiba da itace, ya kuma fi shi hana ruwa shiga. Kowane katako sai da ya sha efoksi ta kowace fuska kafin ya shiga jirgi. Bai kuma ɗora shi kai tsaye a jikin faibar ba, sai da ya shimfiɗa masa efoksin da aka kaurara, don kada gefen katakon ya riƙa danna wuri guda ya tsaga jikin daga baya.

Na samu ganin yadda yake shimfiɗa ƙyallen gilashin, irin wanda suke kira 1708. Yana fitowa daga naɗi fari tas, mai ɗan tauri. Ya yanka, ya ɗora a kan katakon, gefensa ya sauko ya kwanta a jikin jirgi, ya zuba efoksi ya baje. A kan idonka farin ke ɓacewa, ƙyallen ya koma garai-garai har ka hango zanen itacen ta cikinsa. Duk inda fari ya rage, to wurin bai sha ba. Sai ya bi da wata 'yar rola ta ƙarfe mai tsaga-tsaga, yana turawa daga tsakiya zuwa gefe, ƙwayoyin iska na fashewa ƙis-ƙis. Hawa na biyu ya fi na farko faɗi, don kada gefunansu su ƙare a layi ɗaya. Washegari kafin ya sa sanfefa sai ya wanke wurin da ruwa zalla da soson wanki, saboda efoksi in ya bushe yakan fitar da wani maiƙo a sama, wanda in aka bar shi hawa na gaba ba zai kama ba.

Ramukan noti kuwa, nan ne na san mutumin ya san inda ciwon yake. Kowane rami sai ya huda shi ya fi girman notin, ya cika shi da efoksi mai kauri, ya bari ya daskare, sannan ya sake huda daidai girman notin a tsakiya. Ko ruwa ya bi notin, efoksi zai tarar, ba itace ba. Hanyoyin da ruwa ke bi ta ƙarƙashin katakan zuwa wurin famfon kwashe ruwa, su kuma guntayen bututun roba ya dasa musu. Duk wannan aiki yanzu yana ƙarƙashin sabon soso da sabon daɓe da kafet, ba mai ganinsa. Yaron ya ɗauki hotunan kowane mataki ya turo mini, kuma shawarata ga duk wanda zai ba da irin aikin nan, ya sa hotuna cikin sharaɗi tun ranar ciniki. In ba haka ba, fiye da rabin kuɗinka ya tafi inda ba za ka taɓa iya dubawa ba.

Yanzu ga ɗacin. Dattijon ba ya ɗaukar waya. Ba wai wani lokaci ba, sam ba ya ɗauka. In ka bar saƙo, sai ka manta ka bari kafin ya kira. Hanya ɗaya ta sanin inda aka kwana ita ce ka tuƙa mota ka je, ni kuma daga gidana tafiya ce mai ɗan nisa. Ya yi mini alƙawarin jirgi zai fito kafin ƙanƙarar tafki ta narke, wato cikin Afrilu. Na yi masa uzurin tsakiyar hunturu, domin a watan Janairu sanyin nan kan wuce digiri 20 ƙasa da sifili, rezin kuwa yana son wuri ya kai kamar digiri 15 kafin ya daskare yadda ya kamata, hitar garejin kuma ba kullum take iya kai shi can ba. Abin da ban yi masa uzuri a kai ba shi ne watan Mayu. Da bazara ta buɗe, tsofaffin abokan cinikinsa suka fara jawo jiragensu da ƙananan gyare-gyare, shi kuma ya tura nawa lungu ya rufe da leda. Sai ƙarshen Yuli na karɓa. A jihar da lokacin shiga ruwa bai wuce daga Mayu zuwa Satumba ba, rabin shekarar ke nan ya tafi, yara suna tambayata kullum.

Na biyu, kuɗi. Da ya kwance ƙarafan da ke ƙasan jirgin, wato mariƙin sandar farfela da fika-fikan da ke hana jirgi zamewa gefe in mai zamiya ya ja igiya, ya tarar robar da sandar ke juyawa a ciki ta cinye, ya sauya ta, ya sake dasa ƙarafan duka da sabon gam. Aikin ya kamata a yi shi, ban ce a'a ba. Amma sai a rasit na gan shi. Mutumin da ya nemi izinina kafin ya huda rami ɗaya, ya kamata ya neme shi kafin ya ƙara mini sama da dala 1,000. Da na faɗa masa, ɗaga kafaɗa ya yi ya ce ai ya san zan yarda. Jimillar ta ɗan haura dala 10,000. Ƙurar faiba kuma ya bar mini ita a bayan agogunan gaban direba da lungunan inji, sai da na bi da kaina.

Aikin waje, wanda shi kowa ke gani, bai ɗauki lokaci kamar na ciki ba. Launin irin wannan jirgi ba fenti ba ne, jelkot ne, rezin mai launi da ake fara fesawa a mazubi kafin a shimfiɗa faiba, kaurinsa kusan rabin milimita. Rana ce ke ƙona samansa ya koma gari. In akwai sauran kauri, ba sai an fesa sabo ba. Da sanfefar ruwa ya bi shi, ya fara da mai lamba 800, ya koma 1,000, 1,500, har 2,000, sannan injin gogewa da man gogewa. Ya fara gwadawa a wani ɗan wuri mai faɗin tafin hannu a bangon baya, ya kewaye shi da salatif. Da ya ɗaye salatif ɗin, ja wur a tsakiyar ruwan hoda, har da hoton fitilar garejin a ciki. Ya ce jelkot ɗin zamanin yana da kauri, shi ya sa ya jure. A kusurwoyi da hannu ya bi, domin nan ne injin ke saurin cinye launi ya fito da faiba. Lambar jirgin mai harafi da lamba 12, wadda doka ta sa ake bugawa a hannun dama na bangon baya tun Nuwamban 1972, ya rufe ta bai bari sanfefa ta taɓa ta ba, saboda da ita ake rajista.

Ƙurajen ruwa da kan fito wa jiragen da ke kwana a tafki, nawa bai da su sai 'yan kaɗan, tunda a kan tirela ya yi rayuwarsa. Ya fasa su, ruwa mai warin tsami ya fita, ya bari suka bushe ya cike. Ƙananan tsage-tsagen da ke kusa da wurin ɗaure igiya, kowanne sai da ya buɗa bakinsa da ɗan injin gurza kafin ya cike, don in aka shafe sama kawai dawowa suke yi. Akwai kuma wani rauni a gaba inda aka taɓa dukan dutse. Ya gurje kewayensa a karkace, faɗin gangaren ya ninka kaurin jikin sau 12, ya cike da faiba hawa-hawa. A nan bai sa efoksi ba, foliyesta ya sa, saboda jelkot ɗan gidan foliyesta ne, ya fi zama daram a kansa. Ruwan daskararwarsa, MEKP, ɗigo-ɗigo ake sa shi, kashi 1 zuwa 2 cikin 100. In ya yi yawa abin ya ɗau zafi ya tsage, in ya yi kaɗan ya ƙi bushewa.

Haɗa launi ne bai fita ɗari bisa ɗari ba. Farin ya dace, ba ka gane inda aka yi faci. Jan kuwa, da safe ko a inuwa lafiya lau, amma in ranar la'asar ta haska gefen, za ka ga wurin facin ya ɗan fi sauran duhu. Don adalci, ya faɗa mini tun farko cewa ja ya fi kowane launi wuyar haɗawa, kuma sabo da tsoho ba za su koɗe tare ba. Duk da haka na taɓa ganin facin da ya fi wannan ɓoyuwa a jirgin wani. Mai neman jirgin kai wa baje koli, ya ba dattijon aikin ciki, ya kai launi wurin wanda feshi ne sana'arsa.

Mayar da inji ma ya ɗauke shi yini guda, ba don nauyi ba, don saiti. Inda sandar farfela ke haɗuwa da giya, fuskokin ƙarfe biyu ne, kuma bambancin da ke tsakaninsu ta kowane gefe bai kamata ya wuce kashi 3 cikin 1,000 na inci ba. Yana kwance da fila geji, wato siraran ƙarafan auna tazara, a hannu, ya ɗaga mazaunin inji kaɗan, ya auna, ya sauke kaɗan, ya sake aunawa. Awon nan da ya rubuta a bango tun Oktoba, ranar ya yi amfaninsa.

Gwajin ruwa da shi aka yi, ban ma roƙe shi ba. Abu na farko da na lura, jirgin ya ɗago: tsohon tabon da ruwa ya bari a jikinsa yanzu yana sama da ruwan da kamar yatsa biyu. Da na taka mai, nan take ya miƙe, babu kakkarwa a daɓe, na saki sitiyari bai ja ko'ina ba. Shi kuwa dattijon ko kallon tafkin bai yi ba, yana durƙushe da tocila yana duban inda sandar farfela ta ratsa jiki. Na ga ruwa na ɗiga a wurin, gabana ya faɗi. Ya ce haka ake so, 'yan ɗigo a minti, su ke sanyaya wurin. In ya bushe ƙayau an ɗaure shi da yawa, zai ci sandar.

Ko na sa jirgin nan a kasuwa gobe, kuɗin saye da na gyara ba za su dawo ba. Mai neman riba kada ya fara. Amma wanda ke da tsohon jirgin da yake so, yana kuma son ya sa 'ya'yansa a ciki hankalinsa kwance, irin aikin dattijon nan ya cancanci kuɗinsa, muddin ka shiga da shiri: ka kai da kaka, a rubuta ranar gamawa a takarda ba a bayan kwali ba, a rubuta kuma cewa duk ƙarin da ya wuce adadi kaza sai an tambaye ka.

Ya ba ni garantin shekara 3 a kan aikin ciki, da sharaɗi biyu da ya rubuta da hannunsa a bayan rasit: a rufe jirgin da tamfol mai kyau, a kuma cire toshiyar ƙasa duk lokacin da yake kan tirela. Na biyun dama doka ce a Minnesota in kana jan jirgi a kan titi, saboda wata 'yar halittar ruwa mai ɓawo mai ratsi-ratsi da ke bin ruwan cikin jirage daga wannan tafki zuwa wancan, wadda aka gano a Minnetonka a 2010, kuma ana cin tara a kai. Kujeru kuwa ba ya taɓa su, ya ce ɗinki ba aikinsa ba ne. Nawa suna nan da yagewarsu, na shimfiɗa musu tawul, sai hunturu mai zuwa in kwance su in kai wa mai ɗinkin kujerun mota.